Wa Ya Tsare Ganuwar Surame?

A teburin mai shayi aka jawo maganar, a Geza, bayan sallar isha'i. Samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, irin wanda za ka ga sarki da rawaninsa tsaye a kan ganuwa, abokan gaba kuma sun cika fili a ƙasa kamar fara. Ni ina gefe da kofina. Can sai ɗan ƙanwata ya ɗago kai ya ce, "Kawu, dubi ginin mutane don Allah. Mu mi munka gina in ba rumbu ba?"

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya ga birnin Jaisalma na Rajastan, ko a hoto ne, sai ya jinjina. A tsakiyar hamadar Tar yake, a kan tudu. Wani sarki Rawal Jaisal ya aza harsashinsa a 1156, da dutse rawaya mai ɗaukar ido idan rana ta yi yamma. Hasumiya 99 ce ta kewaye shi, a ciki ga fadar sarakai, ga wuraren bautar 'yan Hindu da na mabiya addinin Jain, an sassaƙe dutsensu kamar zanen ƙwarya, kuma har gobe akwai iyalai da ke kwana suna tashi a cikin ganuwar. Na ce wa yaron zan ba shi amsa, amma ba kyauta ba. Sai ya warware mini kacici-kacici tukuna.

Ga birni. Sarkinsa ya fita yaƙi, an fi ƙarfinsa, ya gudu. Rundunar da ta fi kowace kwarjini tsakanin Kwara da Tafkin Chadi tana bakin ƙofa. Babu wanda ya kawo ɗauki. Sai kuma sarkin da ya ci yaƙin ya tashi sansaninsa ya kama hanyar gida, bai taka cikin garin ba. Me ya kore shi?

"Wane fim na wanga?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Na ce ba fim ba ne. Kabi ce.

Birnin sunansa Surame. Kufansa na nan yamma da Sakkwato, ba nisa da fadamar Gulbin Rima, a ƙasar da yau take cikin jihar Sakkwato. Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, ya gina shi a farkon ƙarni na 16, ɗaya daga cikin biranensa uku, shi da Gungu da Leka. Labarin yaƙin kuwa ba a bakin tsofaffi kaɗai yake ba. Muhammadu Bello, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya kawo shi a Infaƙul Maisuri, littafin da ya rubuta a 1812. A yadda ya tsara shi, Mai na Barno, wanda ya kira Ali, ya ratso ta arewacin Daura da Katsina har ya iso Surame. Kanta ya tarbe shi da safiyar Sallah. Aka gwabza na ɗan lokaci, Kanta ya ga ba riba, ya ja jiki ya yi yamma. Mai ya tsaya zai ci birnin. Ya kasa, ya juya. Bello bai faɗi yadda aka tsare garin ba, kuma a nan ni nake soma aikina.

Ɗan ƙanwata bai ɓata lokaci ba. "Ganuwa ce, Kawu. Ta yi ƙarfi."

Amsa mai kyau, kuma ita ce ta Bello ma: birnin ya yi ƙarfi. Kuma gaskiya ya yi. Ƙasar Hausa ƙasar ginin laka ce. Kano da Katsina da Zariya duk da jar ƙasa aka tayar da ganuwarsu. Surame kuwa dutse aka jera. Ganuwa ce a cikin ganuwa, ga gwalalo a waje, fadar sarki kuma da nata shingen a ciki, duka a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 9. Shekara wajen ɗari biyar ruwan sama na dukanta, itatuwa na tsaga ta da saiwa, amma har yanzu akwai sassan da ke tsaye. Gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa a 1964. Kabawa na cewa duk ƙasar da Kanta ya ci sai da ta aiko da magina, kowace da nata yankin. Nufawa suka makara, sai ya yanke musu hukunci: nasu kwaɓin ba da ruwa za su yi ba, da man kaɗe. Ko a yau ka lissafa kuɗin man da zai kwaɓe katangar gida ɗaya, za ka san wannan ba sarkin da ake zuwa wa a makare ba ne.

To amma ganuwa ba ta harbi. Komai tsayinta, in babu mutum a kanta, aikin tsani ce da dare ɗaya. Sarƙaƙiyar da ke cikin gwalalo wuta ke cinye ta. Ƙofa gatari ke fasa ta. Abin da ke mayar da ganuwa ganuwa shi ne 'yan bakan da ke tsaye a kan badala, su kuwa 'yan bakan Kabi a ranar sun fita fili, wasu sun kwanta dama, wasu sun bi sarki. Kenan tambayar ba ta mutu ba, sai ma ta ƙara kaifi. Wa ke kan badala?

Wani saurayi mai hular sanyi, wanda uwarsa Dandi take ji, ya gyara zama. "Mutanenmu sunka zo. Songai."

Na so a ce haka ne, don in faranta masa. Dandi da ake ji a nan gefenmu, daga Kamba zuwa Gaya zuwa ƙetaren iyakar Benin, reshe ne na harshen Songai, kuma a wancan zamani ƙasar Dandi lardi ce ta daular Askiya mai gwamna da ake kira Dandi-fari. Da farko ma Kanta na tare da su. Ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas wajen 1515. Abdurrahman Assa'adi na Tumbuktu, a Tarihus Sudan, ya faɗi inda zumuncin ya tsinke: a kan ganima. An dawo daga yaƙi, mutanen Kanta suka jira kasonsu, shiru. Kanta ya tuntuɓi Dandi-fari, shi kuwa ya nuna masa cewa neman kaso a wurin Askiya tawaye ne. Kanta ya zaɓi tawayen. Askiya ya turo runduna, ba ta yi nasara ba. Bayan shekaru wani Askiyan, Muhammadu Benkan, ya sake gwadawa, ya sha kashi. Mutanen da ka ƙwace kanka daga hannunsu da takobi ba su ne za su ɗaura sirdi don su cece ka ba. Da labarin Surame ya kai Gawo, fadar Askiya, a lokacin, ina jin tuwon murna za a yi.

Mai hular sanyi ya koma ya jingina da benci. Saura uku.

"Buzaye fa? Asbinawa?"

A nan sai da na ajiye kofi, domin in ana neman daular hamada mai fada da hasumiya irin ta fim, ba sai an haye teku ba. Agadas ce. Fadar Sarkin Abzin na nan a tsakiyar tsohon gari, kusa da ita ga masallacin Juma'a da hasumiyarsa ta laka mai tsayin mita 27, itatuwa sun tsiro daga jikinta kamar ƙayar bushiya. An fara gina ta a daidai zamanin da muke magana, aka sabunta ta a 1844. Abin sha'awa, a taro ɗaya na 2013 hukumar UNESCO ta sa Agadas da Jaisalma cikin wuraren tarihi na duniya. Surame kuwa tun 2007 take kan layin jira. Wannan wata magana ce, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya, amma bari in bar ta.

Shin Asbinawa ne suka kawo ɗauki? Tambayi raƙumansu. Kabawa na cewa lokacin ginin Surame, Kanta ya ɗora wa Asbinawa jigilar ruwa a salka, a kan raƙuma, daga nesa, alhali ga gulbi a kusa. Ba ruwan yake buƙata ba, wuyansu yake so ya lanƙwasa. Ita Abzin ɗin ma na cikin abin da ya haɗa Kabi da Barno faɗa, kowa na ganin tasa ce. Buzu ba ya mantuwa. Jikokin masu salkar ne suka ƙwace ƙasar Adar daga hannun Kabi a 1674. Su ma a cire su.

Mai shayi, wanda tun ɗazu yake dauraye kofi ɗaya don kada labari ya wuce shi, ya sa baki. "Malam, kai ma ka sani. Kabawa da ruwa. Mutanen ɓoye sunka tsare musu gari."

Na san za a zo nan. Kowa ya san Kabawa da sha'anin gulbi, har yau sai Sarkin Ruwa ya yi nasa kafin a faɗa Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu. Sai dai a duba wa ke waje. Barno ce fa, inda almajiran ƙasar Hausa ke tafiya gabas neman Alƙur'ani. Mai ba ya fita yaƙi ba malamai a bayansa. In asiri ne, kowa ya zo da nasa, an yi canjaras. Ni dai ban taɓa jin rundunar da ta yi tafiyar wata guda ta juya don an binne laya a bakin ƙofa ba.

Ɗan ƙanwata ya sake gwadawa, wannan karon da ilimin fim. A Rajastan, idan birni ya ga ba mafita, mata kan tara itace su faɗa wuta, maza su buɗe ƙofa su fita su mutu da takobi a hannu. Jauhar suke kiransa. An yi a Citor a 1303 lokacin Alauddin Khalji, aka sake a 1535 da 1568, kuma Jaisalma ma ta ga irinsa. Ko mutanen Surame ƙone garinsu suka yi, Mai ya ga ba abin ɗauka? A'a. Kanta ya dawo ya iske birninsa, kuma Surame ta ci gaba da zama gidan sarautar Kabi kusan shekara ɗari biyu bayan nan. Amma na ce wa yaron ya riƙe abu ɗaya daga cikin amsarsa, zai yi amfani. Ya riƙe mutuwa.

Na huɗunsu bai ce komai ba tun farko. Ɗan noma ne, mai lissafin buhu. A hankali ya ce, "Doki na cin abinci."

Yauwa. Wannan ya kusa.

Daga Birnin Gazargamu, hedikwatar Barno, zuwa Surame ya fi kilomita 700. Ƙarfin Barno a kan doki yake, doki mai lifidi da barde mai sulke, kuma kowane doki na son dawa da harawa da ruwa kullum, ko an yi yaƙi ko ba a yi ba. Rundunar da ta zauna wuri ɗaya kan cinye ƙauyukan kewaye cikin 'yan kwanaki, daga nan sai ta fara cin kanta. Ga Kanta kuma yana can yamma yana tara mutane, ba a san ranar da zai faɗo ba. Zaman jira ba na Mai ba ne. Amma wannan dalili ne na yin sauri, ba na tafiya ba. Mai gaggawa, ga gari ba sarki, ga masu tsaro an karya su da safe, me zai yi? Ya kafa tsani. Yau, ba gobe ba.

Bai kafa ba. Wani abu ya gani.

Na ce musu akwai shaida ɗaya da ban fito da ita ba, kuma ba a littafi take ba. Suna ne. Kabawa na cewa ɗaya daga cikin ƙofofin Surame sunanta Dariya Ba Loto.

Mutumin Kano zai iya tsayawa tambaya, mu nan ba sai an fassara mana ba. Loto lokaci ne. Dariyar da ba ta da lokaci, ba ta da ranar ƙarewa. Ƙofofin birane kan ci sunan kasuwa, ko gari, ko wani bawan Allah da ya zauna kusa. Wa zai raɗa wa ƙofar yaƙi dariya?

"Dariyar nasara," in ji ɗaya. Dariyar nasara tana da loto. A yi ta da yamma, a kwanta.

"Kuraye." Kura na dariya a filin yaƙi, gaskiya ne. Amma da dare. Gari na wayewa ta yi shiru.

"'Yan kama? Mawaƙa?" Su ma sukan gaji. Maƙogwaro na bushewa.

Na ce su sake tunani. Wa ke dariya da safe, rana ta take yana yi, ta faɗi yana yi? Ba ya shan ruwa. Ba ya zama. Ba ya ƙifta ido. A harbe shi da kibiya, ta kafe a ƙirjinsa, bai daina ba.

Mai shayi ya daina dauraye kofin.

Ɗan ƙanwata ya ce, a hankali, "Kawu. Ka ce in riƙe mutuwa."

Gawa ce.

Ga yadda Kabawa ke ba da labarin. Da aka ga masu rai ba za su cika badala ba, sai aka kwaso matattu. Aka hau da su kan ganuwa, aka tokare su a tsaye, fuska na duban sansanin Barno. Aka rataya wa kowanne kwari, aka sa masa baka a hannu. Sannan aka yi abin da ya ba ƙofar suna: aka sa wuƙa aka tsage musu leɓɓa, haƙora suka fito fili.

Yanzu ka sa kanka a matsayin ɗan leƙen asirin Barno. Ba za ka matso kusa ba, kibiya na da iyakar da take kaiwa, kai kuma a bayan iyakar za ka tsaya, bayan wata kuka ko cikin ciyawa. Daga nan ba ka ganin rauni, ba ka ganin sandar da ta tokare baya. Kai kake gani, da baka, da farin haƙori. Ka ƙirga, sun yi yawa. Ka dawo da azahar, suna nan, ba wanda ya sauka neman inuwa. Ka dawo da la'asar, ko ɗaya bai canja wuri ba. Kuma duk suna dubanka suna yashe baki. Me za ka je ka faɗa wa Kaigama, shugaban rundunarku?

A nan gwanintar take, kuma ita ta sa nake ganin wanda ya ƙirƙiro dabarar ya san zuciyar mayaƙi. Jera gawa a ganuwa ƙarya ce a kan adadi, tana cewa muna da yawa. Tsaga leɓe kuwa ƙarya ce a kan abin da ke cikin rai, kuma ta fi ta farko dafi. Mutanen da aka kora da safe, sarkinsu ya gudu, bai kamata su yi dariya ba. In suna yi, to sun san wani abu da kai ba ka sani ba. Wataƙila gudun Kanta tarko ne. Wataƙila yana bayanka yanzu haka. Wataƙila rumbunansu cike suke har baɗi. Ba a faɗa wa Mai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi zai faɗa wa kansa, da dare, yana jin haniniyar dawakin da ba su ƙoshi ba. Ganuwar ɗan ƙanwata gaskiya ce, yunwar dokin ɗan noma gaskiya ce, amma dukansu sun bar Mai yana auna hawa da tafiya. Haƙoran nan ne suka karkata ma'aunin.

Kuma sunan ƙofar kansa akwai zolaya a ciki, domin ba dariyar da ta kai wannan ƙarancin loto. Kowa ya san abin da zafin ƙasar nan ke yi wa gawa. Kwana ɗaya, biyu, ciki ya kumbura, iska ta juya ta kai labari sansani. Kafin iska ma akwai ungulu. Ungulu ɗaya ta sauka a kafaɗar ɗan baka, shi kuma bai kore ta ba, asiri ya tonu. Dole akwai masu rai a tsugune a bayan matattun, suna korar tsuntsu, suna sakin kibiya jefi-jefi daga tsakaninsu don a ga ganuwar na numfashi. Caca ce ta kwana biyu, ko uku in an yi sa'a. Da Mai ya ƙara haƙurin yini ɗaya, da wani labarin muke bayarwa.

Akwai inda shaidun biyu suka saɓa, kuma aikin mai bincike ne ya faɗa. Bakin Kabawa na jingina dabarar ga Kanta. Alƙalamin Bello ya fitar da Kanta daga garin kafin a kewaye shi. Ni na fi karkata ga cewa sarki ya ci sunan ne kawai, yadda sarakai suka saba. Hannun da ya riƙe wuƙar na wanda aka bari a ciki ne. Kuma matattun nan ba baƙi ba ne. Waɗanda aka yi sallar Idi da su ne da safe. Wani ƙaninsa ya ɗauka a kafaɗa ya hau da shi badala, maimakon ya kai shi makwanci. Wani fuskar maƙwabcinsa ya gyara. A al'adar da ake gaggauta suturta mamaci kafin rana ta faɗi, ka auna abin da wannan ya ci musu. Ba su sassaƙa dutse kamar mutanen Jaisalma ba, abin da suka sassaƙa kenan.

Saura kaɗan labarin ya ƙare. Kanta ya dawo, ya haɗa runduna, ya bi sawun Mai har Nguru, a can ya rama, ya kwashi ganima. A hanyar dawowa ya tsaya hukunta wasu masu tawaye a Dugul, cikin ƙasar Katsina. Kibiya ta same shi. Bai kai gida da rai ba. Mayaƙansa suka ɗauko shi suka kawo Surame, suka binne shi a fadarsa, ya shiga garin a ɗauke kamar waɗanda suka tsare masa shi. Abin da Barno ta kasa, Gobir da Zamfara da Abzin suka yi a hankali, har a farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya koma Birnin Kabi. Daga can, bayan jihadi, sarautar ta ƙarasa Argungu, inda tsohuwar fada ta zama gidan tarihi mai sunan Kanta.

Wayar samarin ta daɗe da yin duhu a kan tebur, sarkin Indiya na can tsaye a kan ganuwarsa inda suka tsayar da shi. Ɗan ƙanwata ya tambaye ni nawa ne kuɗin mota daga Bagudo zuwa Sakkwato, da kuma ko mashin na shiga har kufan. Mai shayi ya kife tukunyarsa, ya rage fitila.

"Malam," ya ce, "mu dai namu da loto. Kuɗin shayi biyu."